Zali da Wutar Inna Ɗaso

A unguwar Tandabawi ta Makka, a shekarun alif ɗari tara da sittin da ɗoriya, lokacin da ake ta rusa tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami, in ka tambayi gidan Zali sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce gidan Uwar Wuta, ko Bayamane mai kanti zai miƙa hannu ya nuna maka lungun. Gidan ma dai suna ne kawai. Ɗaki ɗaya ne na kwano da katakon akwati, irin wanda mutanen Makka ke ce wa sandaƙa, da 'yar rumfa a gabansa. A ƙarƙashin rumfar akwai wani kaskon ƙasa baƙi ƙirin, cike da toka, a cikin tokar kuma akwai garwashi. Garwashin nan shi ne duk dukiyar Zali, kuma saboda shi ta yi rabin rayuwarta ba ta yi nisa da gida ba.

Gajeriyar tsohuwa ce, siririya, mai tsagen Gobirawa a kunci da baki kamar reza. Tafin hannunta ya yi kanta, har takan ɗauki garwashi da yatsu ta juya shi kamar mai zaɓen dabino. Ba ta iya lallashi ba. In ta ƙaunace ka, faɗa za ta yi maka, sa'annan ta tura maka kwanon kunu ta ce ka sha kafin ya huce.

Daga ƙasar Tasawa ta fito tana sabuwar amarya, ita da mijinta Kabo, da ƙafa. Sun yi noma a hanya, sun tsinci auduga a Sudan, sun haye Bahar Maliya cikin kwalekwalen da ya fi kama da akushi. Da suka sauke farali sai guzuri ya ƙare, aka ce sai baɗi, baɗi kuma ta haifi wata baɗin. Kabo ya shiga ga-ruwa, yana hawa duwatsun Makka da garwa biyu a kafaɗa har ranar da ƙirjinsa ya gaza. Ya bar ta da ciki, ba takarda, ba dangi. Wata tsohuwa ce, Inna Ɗaso, ta same ta a bakin lungu tana naƙuda, ta ja ta zuwa wannan rumfar. A kan wannan kaskon aka dafa ruwan da aka wanke jaririyar, aka sa mata suna Rumasa'u, a kansa kuma Zali ta yi wankan jegonta.

Ita Inna Ɗaso labarinta kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda kowa ke faɗi, cewa ranar da za ta baro garinsu ta ɗebi wuta a murhun uwarta, ta riƙa ciyar da ita da kirare da kashin raƙumi zango bayan zango, har ta shigo da ita Makka ba ta mutu ba. Yadda ta yi da masu kwalekwale, Allah masani. Kashi na biyu kuwa sai na ciki suka san shi. Ɗaso ta yi wata maƙwabciya mutuniyar tsibirin Jawa, wadda ta taɓa aikatau a gidan Turawan Holanda. Ita ce ta ba ta labarin da uwargijiyarta ke ba yara, wai a can arewacin ƙasar Holanda, wani yanki da ake kira Firis, inda teku ke cin ƙasa, a zamanin da akwai wasu mata da suka keɓe kansu suna tsaron fitilar da ba ta mutuwa. Suna da babba guda da suke kira uwa, in an kafa sabon gari kuma daga fitilarta ake kunna tasa.

Ɗaso ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To, mi suka dahwawa bisa hitilar?”

Mutuniyar Jawa ta ce ba a ce suna dafa komai ba.

“Ashsha,” in ji Ɗaso. “Wuta ba tukunya, ai wahala ce.”

Amma labarin ya zauna mata. Ba a daɗe ba ta tara zawarawa da tsofaffin Takari irinta, wato mutanenmu da suka zo hajji suka zauna, ta ce tun da matan da ba su san Annabi ba sun iya riƙe wuta don jama'arsu, su da ke maƙwabtaka da Ɗakin Allah ba su da uzuri. Haka aka kafa 'Yan Garwashi. Aikinsu a bayyane yake. Suna dama kunun tsamiya su kai wa alhazan da ciwo ya kayar, suna dafa ruwan jego ga wadda ta haihu ba uwa a kusa, suna ɗuma ruwan wankan gawar macen da ba ta da kowa. Mai shiga sai ta yi alwala, ta ɗauki garwashi a tsingaro daga wannan bakin lungu zuwa wancan tana salati. Wutar ba a sayar da ita, ba a hana kowa, namiji kuma ba ya hura ta. Mai nema zai tsaya a bakin rumfa ya ce, “A ba ni wuta.” Uwar Wuta kuma ta amsa, “Ba tawa ba ce, ɗebi.”

Ba a rasa masu tsegumi ba. Wani malami mai guntun wando ya taɓa tsayawa a kan Zali yana tambaya ko su majusu ne, masu bautar wuta. Ta ce masa ita dai alƙiblarta ga ta can, ana ganin hasumiyarta daga nan, wuta kuwa baiwa ce, an sa ta aiki. Ta ƙara da cewa in ya ga mai bautar abu yana ɗora masa tukunya a ka, ya zo ya ba ta labari. Ya sha kunu ludayi biyu ya tafi.

Da ajali ya zo wa Inna Ɗaso, sai ta kira Zali. Ta kama hannunta ta ɗora a gefen kaskon, ta ce, “Abu biyu na bar miki. Kada ta mutu ga hannunki. Kuma kada ke ki mutu ba ki miƙa ma wata ba.” Zali ta ce ta ji. A lokacin abin bai yi mata nauyi ba, don rumfa cike take da mata, ga kuma Rumasa'u tana tasowa a gindin kaskon, tun ba ta iya magana ba, ta iya riƙe mafici.

Sai zamani ya juya. Risho ya shigo, wanda a nan ake ce wa dafur, ashana ta zama ta kowa, masu hali suka sayi tukunyar gas. Masu zuwa ɗiban wuta da safe suka ragu, har ya zama sai mai son turaren wuta ko mai gasa masara. 'Yan Garwashi kuma wasu suka rasu, wasu 'yan jawazat masu binciken takardu suka kwashe su aka sa a jirgi. Aka wayi gari saura Zali da Shatu, wata Bakatsiniya da idonta ya kusa tafiya, wadda aikinta kawai tsinke tsamiya da gyara wa Zali zance.

Duk wannan bai dami Zali kamar al'amarin 'yarta ba. Rumasa'u ta tashi 'yar Makka sosai. Larabci ne a bakinta, Hausar sai ta lalubo, in ta lalubo ma sai ta fito a karkace. Ta koyi ɗinki a wurin wata Baturkiya, ta iya karatu, tana wanke hannu da sabulu in ta taɓa gawayi. Wani saurayi mai suna Lurwanu ya nemi aurenta. Kakanninsa Kanawa ne, amma shi haifaffen nan ne, da takardarsa ta ɗan ƙasa, malamin ofis ne a wani kamfanin motocin alhazai, farar rigarsa ko ƙuda ba ya sauka a kai. Yarinya na so, yaro na da kunya, Zali ta sa albarka.

Ranar kai amarya mota ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shiga. Dangin ango sun cika wurin, sai ƙamshi da ƙarar awarwaron zinariya. Zali ba ta da zinariya. Ta fito da wata 'yar tukunyar ƙasa, ta zuba toka, ta binne garwashi mai kyau a ciki, ta ratsa mata ta miƙa wa 'yarta, kamar yadda ake yi wa amarya a garinsu.

Rumasa'u ta dubi dangin mijinta ta ƙasan mayafi, ta yi ƙasa da murya. “Ummi, aib. Gidan fi butagas, akwai gas.”

Zuciya ta ɗebi Zali. A gaban kowa ta ce, “Ke dai amshi. In kin so ki zubas ga kwata. Na san ko kwana guda ba ki iya riƙon ta.”

Rumasa'u ta karɓa, ba ta ko duba ba, ta miƙa wa direba, aka rufe ƙofa, mota ta tashi. Da mutane suka watse Zali ta ga tarin toka a zube daidai inda motar ta tsaya. Ba ta tambayi kowa tokar wa ce ba. Ta sa ƙafa ta baje ta, ta koma gida, ta zauna gaban kasko ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Kabo.

Shekaru suka shuɗe, maganar wuta ba ta sake haɗa su ba. Ba wai sun yi gaba ba ne. Rumasa'u na zuwa duk Juma'a da shinkafa da nama, ta sumbaci kan uwarta, ta zauna a gefen tabarma tana tattare riga. Zali kuma takan je Shisha, inda suke zaune a bene, amma sai da dalili, suna ko salla, don hanyar mota ce, mota kuma ita ce inda ake tambayar takarda. In ta je a falo ake ajiye ta kamar baƙuwa, jikoki su gaishe ta da Larabci, a kawo mata shayi. Takan kurɓa ta ce, “Ashe shayin gas ma shina da daɗi,” da muryar wanda aka ci da yaƙi. Rumasa'u sai ta sunkuyar da kai. Kowaccensu na son 'yar'uwarta, kowacce kuma na jin ɗayar ta raina ta, ga shi duk jininsu ɗaya wajen taurin kai.

Gwiwoyin Zali suka fara ciwo, numfashi ya fara yi mata wuya a hawa. Ta duba gabas ta duba yamma, ba wadda za ta miƙa wa kasko. Ta yi wa 'yan matan unguwa tayi, suka yi dariya suka ce su hayaƙi na sa su tari. Alkawari na farko tana riƙe da shi, na biyun ne ke cin ta, kullum tana lissafin yadda za ta haɗa ido da Inna Ɗaso gobe kiyama.

Ana haka, wata safiya cikin watan Zulƙida, a ƙarshen shekarun sittin, alhazai sun fara isowa, sai hadari ya haɗu a kan duwatsu. Wanda bai zauna Makka ba ba zai gane abin da ruwan sama ke yi wa mutanenta ba. Shekara na iya wucewa ba a ga ɗigo ba, don haka da an fara yayyafi sai kowa ya fito, masu ƙarfi su ruga Harami. A saman Ka'aba akwai indararo na zinariya, kuma mutane na kwaɗayin ruwan da ya zubo ta nan ya taɓa su suna addu'a, suna sa ran ba za a mayar da ita ba. Zali ta daɗe tana jiran irin wannan rana. Ta binne garwashi da toka, ta kifa faranti a kan kaskon, ta ɗora dutse, kamar yadda take yi in za ta kai kunu. Ta leƙa ta ce wa Shatu ba za ta daɗe ba, ta ja mayafi ta bi ayari.

Ƙanƙantarta ta yi mata rana. Ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar ƙarti har ta kai inda feshin indararon ke sauka, ta ɗaga hannu, ruwa na dukan fuskarta. Ba ta iya doguwar addu'ar Larabci ba, da Hausarta ta yi. “Ya Rabbi, ban roƙe ka gida ba, ban roƙe ka takarda ba. Amana ce anka ba ni. Ka ba ni wadda za ni miƙa ma wutag ga, in huta.” Ta maimaita har muryarta ta dushe, zuciyarta ta yi sanyi, ta ji kamar an sauke mata kaya.

Ruwa kuwa bai tsaya ba. Yayyafi ya zama kamar da bakin ƙwarya, duwatsu suka juyo da nasu, ambaliya ta shigo ta ƙofofin masallaci. Kafin a ankara ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, aka yi ta tura tsofaffi saman sabon ginin masallacin. Daga can Zali ta ga ruwa ya kewaye Ɗakin Allah, samari na iyo a inda ake ɗawafi. Mutane na kabbara, wasu na kuka. Ita kuwa a lokacin ne ta tuna rumfarta a gangare take.

Sai washegari da hantsi ta iya isa Tandabawi, tana taka laka har ƙwauri. Maƙwabta sun ɗauke Shatu zuwa tudu, ba ta ji ciwo ba. Sandaƙa na tsaye, rumfa ta karkace. Kaskon na nan inda ta bar shi, dutsen ma na kan farantin, don ta iya ajiya. Ta ɗaga. Baƙin ruwa ne cike fal, 'yan gawayi na yawo a sama. Ta sa hannu har ƙasa tana lalube, ko da ta san ba abin da za ta samu. Wutar da ta haye hamada da teku ta mutu a hannunta, tana can tana roƙa mata magajiya.

Shatu ta lallaɓo ta zauna kusa da ita. Can sai ta kwance bakin zane ta fito da kwalin ashana, ta yi raɗa. “Yaya Zali, ni ban gani, ke kuma ba ki faɗi. Wa zai sani? Ga alhazai sun sha dukan ruwa, gobe duk masassara za ta kwantar da su.”

“Ni na sani,” in ji Zali. “Kunu kam za a dama, ko bisa dafur ne. Amma ban ce ma mutum ɗebi wutar Inna Ɗaso ba, alhali ta kanti ce.”

Ta aro dafur ta dama kunu, ta kai wa marasa lafiya, don ciwo ba ya jiran makoki. Sa'annan ta shiga bin gidajen da suka taɓa ɗiban wuta a wurinta, ko Allah ya sa wani ya riƙe. Abin dariya abin tausayi. Wata ta ce rabonta da gawayi tun haihuwar ɗanta na fari. Mai gasa masara ya ce shi kullum da ashana yake tayarwa, zuwa wurinta da yake yi don neman albarka ne. Kowa ya ba ta haƙuri, wasu har da cewa ai ta huta.

Saura mutum ɗaya da ya kamata ta ji daga bakinta. Ba don tana sa ran komai ba, sai don a kan wutar nan aka wanke Rumasa'u ranar da ta zo duniya, mutuwarta kuma kamar mutuwar dangi ce, ba a barin ɗa ya ji a bakin duniya. Hanya ba ta buɗe sosai ba, shi ya sa 'yar ba ta samu zuwa ba, sai saƙo da ta aiko. Da motoci suka fara wucewa, Zali ta yi wanka, ta sa zanenta na salla, ta tari tasi zuwa Shisha, ko tunanin 'yan jawazat ba ta yi ba.

Rumasa'u ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume ta tana “Alhamdu lillah ala salama, Ummi,” tana shafa ta ko ta ji rauni. Lurwanu ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Aka kai ta falo. Ba ta zauna a kujera ba, ta zame ƙasa ta miƙe ƙafa.

“Ta'aziyya na zo yi miki, ɗiyata,” ta ce. “Wuta ta mutu. Ni na kashe ta. Na tahi Harami roƙo, na bar ta.” Ta so ta ƙara wani abu mai kaifi, irin ai ke ba ki da asara, amma bakin ya ƙi. Hawaye kawai ke bin tsagen kuncinta.

Rumasa'u ta yi tsaye. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi silin. Can ta ce, “Ta'ali, Ummi. Zo. Mu hau sama.”

“Gwiwata ba ta hawa.”

“Ni zan riƙe ki.”

Suka hau a hankali, tana hutawa a kowane kwana. Zali ba ta taɓa ganin saman gidan ba. Igiyar shanya ce da tankin ruwa, sai wani ɗan ɗaki na bulo a lungu, mai rufin siminti da ƙofar ƙarfe. Rumasa'u ta buɗe. Ɗumi ya fito, da ƙanshin da Zali za ta gane ko a cikin kabari. Buhun gawayi ne jingine, da mafici, da butar shayi, da babban kasko cike da toka. A kan wani ɗan kanta kuma ga 'yar tukunyar ƙasa, an wanke ta an kife.

Rumasa'u ta tsuguna, ta tattare hannun riga, ta tona tokar da yatsa, ba da cokali ba. Ta sunkuya ta hura sau ɗaya, a hankali, ta gefe, yadda ake yi a rumfar Tandabawi. Garwashi ya buɗe ido, ja wur.

Zali ta dafa bango. “Wagga ta ina?”

“Taki ce. Ta ranar aure. Sawwag, direba, ya sa ta ƙarƙashin kujera, da muka iso na karɓa.”

“Tokar da na gani bakin lungu hwa?”

“Wace toka? Ana ma adri, ban sani ba. Kowa na zubar da toka a nan.”

Zali ta tuna shekarun da ta yi tana jin haushin tokar wani. Sa'annan ta ce, “Mi ya hana ki gaya mini?”

Rumasa'u ta share ido da bayan hannu, toka ta shafu a kuncinta. Hausar na fita da ƙyar, amma ba ta koma Larabci ba. “Kin ce ba zan iya kwana ɗaya ba. Na ce sai na yi shekara in nuna miki. Da shekara ta yi, na ji tsoro. In kin sani za ki ce in zama Uwar Wuta, ni kuma ban san ko zan iya ba. Labarin Inna Ɗaso da matan fitila, wallahi Ummi, ban san ko gaskiya ne ba. Ba don su na riƙe ba. Kowace amarya uwarta ta ba ta zinariya. Ni wannan kika ba ni.”

Lurwanu, da ya biyo su yana tsaye a bakin matakala, ya ga abin ya yi nauyi, sai ya so ya taimaka. Ya ce ai kullum shayin da ake kawo mata a nan ake dafa shi. Ya ƙara da cewa lokacin da Rumasa'u ta kwanta asibiti haihuwa, shi da kansa ya riƙa hawowa safe da yamma yana sa gawayi yana hurawa, har ya ƙona farar riga biyu.

Rumasa'u ta harare shi, don ta san doka. Zali ta dubi surukinta, malamin ofis, ta hango shi a durƙushe yana kumbura kumatu a kan wutar Inna Ɗaso. Ta juya wa 'yarta kunnen hagu.

“Tun ruwan nan kunnena bai ji sosai,” ta ce. “Mi mijinki ya ce?”

“Ya ce sannu da zuwa.”

“Yawwa. Allah shi yi mishi albarka.”

Ta ɗauko 'yar tukunyar da ke kife, ta juya ta a hannu. Har yanzu ga ɗan tsagin da ke bakinta. Ta so ta tambaya ko yanzu Rumasa'u za ta karɓi kaskon, maganar ta zo har leɓe, ta haɗiye. Ta roƙi wadda za ta miƙa wa wuta, ashe ta daɗe da miƙawa, da faɗa da gori, a bakin lungu. Sauran kuma ba a yi wa Allah gaggawa.

Ta ja da baya har bakin ƙofar ɗan ɗakin, ta tsaya a waje, inda mai nema ke tsayawa. Tun rasuwar Inna Ɗaso ba ta taɓa tsayawa ta wannan gefen ba. Ta gyara mayafi, ta riƙe tukunyar da hannu biyu, ta miƙa.

“A ba ni wuta,” ta ce.

Rumasa'u ta ɗago daga gaban kaskon. Tun tana goye take jin amsar, ba ta taɓa faɗinta ba. Ta sa yatsu ta zaɓo garwashi mafi kyau.

“Ba tawa ba ce, Ummi,” ta ce. “Ɗebi.”